Ɓarawon da aka miƙa wa wuƙar yanka nama

Duk Disamba sai an tada musu a kan finafinan Kirsimeti na labarin Grinch, wannan ya ce na Jim Carrey ya fi, wancan ya ce sabon na 2018 ya fi kyan kala, ni dai ra'ayina bai taɓa motsawa ba, tsohon katun ɗin nan na talabijin na 1966, How the Grinch Stole Christmas, wanda gaba ɗayansa bai kai rabin awa ba, ya ninka su duka. Kuma kafin wani ya ce min "Malam meye haɗinmu da Kirsimeti", ka kalle shi tukuna, babu coci a ciki, babu wa'azi, ba a ambaci wani annabi ba ko sau ɗaya, har ma cikin Kiristocin akwai masu ƙorafin cewa an cire addini daga bikin addini. Labarin ɓarawo ne da mutanen da ya yi wa sata, shi kenan.

Ga wanda bai sani ba, Grinch wani halitta ne kore shar mai mugun hali, yana zaune shi kaɗai a kogo saman dutse, daga shi sai karensa Max, a ƙasan dutsen kuma akwai wani ɗan gari Whoville da mutanensa ke mutuwar son bikin Kirsimeti. Shekara 53 yana jin hayaniyarsu da kaɗe-kaɗensu da waƙarsu yana cizon yatsa, ranar nan ya ce ya isa haka. Ya ɗinka jar riga irin ta Baban Kirsimeti, ya ɗaura wa bawan Allah Max ƙaho ɗaya a ka wai shi ne barewar da za ta ja amalanken ƙanƙara, cikin dare ya gangara gari ya dinga shiga gidaje ta bututun hayaƙi yana kwashe komai. Kuma in na ce komai ina nufin komai, kayan wasan yara, safa da aka rataye, bishiyar ado, abincin da ke firij, alawar da ke hannun yara suna barci, har itacen murhu bai bari ba, ɗan ɓurɓushin da ya rage a gidan ko ɓera ba zai ƙosar ba. Wata 'yar mitsitsiyar yarinya Cindy Lou ta farka ta kama shi da bishiya a hannu, ko gezau bai yi ba ya shirga mata ƙarya cewa wani ƙwan fitila ne ya mutu zai kai gyara ya dawo da ita, ya ba ta ruwa ya mayar da ita gado. Wannan wajen kullum sai ya ban haushi ya kuma ban dariya lokaci guda, domin kowa ya san irin mutumin nan da ƙarya ba ta yi masa wahala ko kaɗan.

Ya loda kayan ya hau da su ƙololuwar dutse zai tunkuɗa su rami, amma ya ce bari ya tsaya tukuna ya ji kukansu, don shi dama ba kayan yake so ba, kukan yake so. Sai gari ya waye mutanen suka fito fili suka kama hannun juna suka hau waƙa kamar ba abin da ya faru.

To nan ne nake so mu tsaya, saboda yawancin masu yabon katun ɗin cewa suke wai labarin yadda Grinch ya koyi kyauta ne, ni kuma ban yarda ba sam. Wace kyauta? Kayan mutane ya sata ya mayar musu. Wanda ya kwashe maka kayan ɗaki cikin dare da safe ya dawo da su ba kyauta ya yi maka ba, hakkinka ya dawo maka da shi, kuma ko a wajenmu ai mun san tuba ba ta cika sai an mayar wa mai hakki hakkinsa, wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ya wajaba a kansa. Bai ƙara ko tsinke daga aljihunsa ba. Masu kyautar gaskiya a labarin nan mutanen garin ne, kuma abin da suka bayar ya fi kayan da aka sace tsada nesa ba kusa ba.

Ku duba dai. Mutumin nan ya sauko da amalanke cike da kayansu yana busa ƙaho, kowa ya gane shi ne ɓarawon, babu wanda ya ce a kama shi, babu wanda ya ce ya durƙusa ya ba da haƙuri a gaban jama'a, ba a kafa kwamiti ba, ba a ce ya rantse ba zai sake ba, ba wata tsohuwa da ta ja tsaki ta ce ai mai hali ba ya fasa halinsa. Buɗe masa hanya suka yi ya shigo. Sannan da aka zauna cin abinci ba a ba shi kwano a bakin ƙofa ba, a'a, a kan teburi aka zaunar da shi aka miƙa masa wuƙa shi ya yanka gasasshen naman biki ya rarraba wa kowa. A al'adar Turawa mai gida ne ke wannan aikin, kamar dai a ce ranar babbar sallah ka ɗauki wuƙar rabon naman layya ka damƙa wa wanda jiya da daddare ya kwance maka ragon. Ka tambayi kanka tsakani da Allah ko za ka iya. Ni dai na san yafiya irin tamu, mu ce mun yafe amma duk taro sai mun tuna wa mutum, gori kuma har jikokinsa sai sun sha.

Kuma abin da ya ƙara burge ni, ba don ya dawo da kayan suka yi farin ciki ba. Sun riga sun yi waƙarsu tun ba su san kayan za su dawo ba, wato ba shi da wani abin da zai saye su da shi, tun daga kan dutse ya ji bikin na tafiya babu shi babu kayan. Abin da ya karya shi kenan. Ba wanda ya hau dutse ya yi masa nasiha, shi kaɗai ya tsaya cikin ƙanƙara yana ta juya abin a ransa har ya gane lissafinsa ne ba daidai ba, zuciyarsa da aka ce ta yi ƙanƙanta da lamba biyu ta ƙaru da lamba uku har ta fasa ma'aunin da aka zana a kanta.

Marubucin ma, Theodor Geisel da duniya ta sani da Dr. Seuss, wanda ya fitar da littafin a 1957 yana da shekara 53 daidai da shekarun da Grinch ya yi yana haƙuri, ya faɗa da bakinsa cewa labarin bai ba shi wahala ba sai ƙarshensa, nan ya maƙale wata da watanni, duk yadda ya rubuta sai ya ji ya koma kamar mai wa'azi, daga ƙarshe ya watsar da duk wani jawabi ya zaunar da su a teburi kawai Grinch na yanka nama. Wallahi da marubutan finafinanmu za su ɗauki wannan darasin da mun huta da dattijon nan da ke fitowa a minti biyar na ƙarshe ya tara kowa a falo ya karanto mana abin da ya kamata mu fahimta.

Yanzu ku kwatanta da waɗanda aka yi daga baya. Na 2000 da Ron Howard ya ba da umarni Jim Carrey ya fito a Grinch, tunda sai an cika sama da awa ɗaya da rabi sai aka ƙirƙiro masa tarihi, wai tun yana yaro aka dinga tsokanarsa a makaranta, aka kuma mayar da mutanen garin 'yan son abin duniya da shugaban gari mai girman kai. Na 2018 kuma aka ce a gidan marayu ya tashi shi ya sa. To da zarar ka yi haka ka rusa ginin gaba ɗaya, don yanzu Grinch ya zama wanda aka zalunta, mutanen gari ne ke da laifi, karɓarsa da suka yi ta zama biyan bashi ba kyauta ba. A na 1966 mai ba da labari cewa ya yi kar ma a tambaye shi dalili, ba wanda ya sani, ƙila takalminsa ne ya matse shi, ƙila kansa ne bai ɗauru daidai ba, ƙila zuciyar ce ƙarama. Mugu ne kawai ba tare da uzuri ba, kuma a haka aka karɓe shi. Ni a ganina wannan ya fi nauyi, kowa ai zai iya tausaya wa maraya.

Na san za a ce abin ya yi sauƙi da yawa, a duniyar gaske in ka yi wa ɓarawo haka gobe da mota zai dawo. Gaskiya ne, ban musa ba, ni ma ba cewa nake a rushe kotu ba. Amma katun ɗin bai ce a yafe wa wanda ke kan sata ba, sai da ya juyo da kansa, ba wanda ya kama shi, yana da damar sakin kayan su faɗa rami amma ya riƙe su da iya ƙarfinsa ya dawo da su har ƙwaya ɗaya bai ɓoye ba. Tambayar da ake yi mana ita ce in mutum ya yi nasa ɓangaren tsaf, mu me za mu yi da shi, kuma nan ne da yawanmu muke faɗuwa.

Ta fannin aiki kuma, duk wanda ya tashi yana kallon Tom and Jerry ya riga ya san hannun da ya zana wannan ko bai san sunansa ba. Chuck Jones ne, wanda ya yi shekaru a kamfanin finafinai na Warner yana aikin Bugs Bunny shi ya kuma ƙirƙiro Road Runner, daga 1963 zuwa 1967 kuma shi ke yin Tom and Jerry a kamfanin MGM, a tsakiyar wannan lokacin ya yi Grinch. Sun san juna da Geisel tun yaƙin duniya na biyu lokacin da suke yi wa sojojin Amurka katun na koyarwa, kuma wannan sanayyar ce ta taimaka har Geisel ya yarda, don ya riga ya ƙona hannunsa a Hollywood da wani fim na 1953 da bai yi kasuwa ba. A littafin Grinch fari da baƙi ne da ɗan ja, koren nan da kowa ya san shi da shi yau a katun ɗin ya samo shi. Ku lura da murmushin muguntar nan lokacin da dabarar sata ta faɗo masa, yadda yake buɗewa a hankali a hankali har ya naɗe fuskar gaba ɗaya, da yadda yake sulalawa tsakanin kayan kamar maciji, duk da hannu aka zana su takarda bayan takarda babu kwamfuta. An kashe sama da dala dubu 300, kuɗi mai yawa sosai ga katun na talabijin a wancan zamanin, kuma abin dariyar shi ne bayan Jones ya gama yawo kamfani-kamfani yana neman mai ɗaukar nauyi, waɗanda suka amsa wata ƙungiyar bankuna ce. Bankuna fa, su suka biya aka nuna wa Amurka a tashar CBS ranar 18 ga Disamba 1966 cewa farin ciki ba a kanti ake sayo shi ba. Yau kuma ga hoton Grinch a jikin riga da kofi da safa ana ta ciniki, abin sai dai a yi shiru.

Sai Max. Ni fa duk katun ɗin ba wanda nake ji kamar karen nan. A littafi ɗan rakiya ne kawai, Jones ne ya faɗaɗa shi don a cika lokaci, sai ya zama shi ne idonmu a cikin labarin, ba ya magana amma duk abin da mai kallo ke ji yana kan fuskarsa, ƙahon ya rinjaye shi ya kifa, a gangara amalanken ya wuce shi har ya koma zaune a baya yana ɗaga hannu, a hawan dutse kuma shi kaɗai ya ja kayan gari guda ana zabga masa bulala. Shi ne ya fi kowa shan wahalar Grinch, fiye da mutanen garin ma da dare ɗaya kawai aka taɓa su, kuma ba a nuna an ba shi haƙuri ba, yanka ɗaya na nama ya samu. Wannan kam ina ganin an ɗan cuce shi.

Muryar mai ba da labari da ta Grinch duk Boris Karloff ne, ɗan Ingila da ya yi suna da fitowa a dodon Frankenstein a 1931, lokacin ya kusa tamanin, kuma faifan wannan aikin ya ciyo masa kyautar Grammy kafin ya mutu a 1969. Amma shahararriyar waƙar nan da ake zazzaga wa Grinch zagi kala-kala da wata murya mai kauri kamar daga rijiya, ba shi ya rera ba duk da har gobe mutane na ɗauka shi ne. Thurl Ravenscroft ne, mai muryar damisar tallan abincin karin kumallo na Kellogg's, aka manta ba a sa sunansa a rubutun fim ɗin ba, haka ita ma June Foray da ta yi muryar Cindy Lou. Da Geisel ya gano sai da ya kira Ravenscroft ya ba shi haƙuri, ya kuma zauna ya rubuta wa 'yan jarida wasiƙu a faɗin ƙasar yana roƙon su sanar da mutane wanda ya yi waƙar. Ravenscroft ya rayu har 2005.