Abinci a Makka ba duka ne ke da tsada ba

Mutane da yawa masu zuwa Umara sun ɗauka cewa duk abincin Makka tsada gare shi, shi ya sa suke cika jaka da gari da ƙuli-ƙuli. Gaskiya tsadar ta wuri ce. Gidajen abinci da ke cikin benen agogo, daf da Harami, suna biyan hayar shago mai nauyi, kuma a farantinka suke fanshewa.

Ka bi titin Ibrahim Khalil ka gangara wajen Misfala, za ka tarar da shagunan 'yan Pakistan da Bangaladash inda ma'aikata ke cin abinci, farashi ya sauko sosai. Shinkafar bukhari da rabin kaza takan ishi mutum biyu, don haka ku haɗa kuɗi ku raba. Da safe kuwa, gurasar tamis mai zafi da wake tana riƙe ciki har azahar. Wanda ya yi marmarin tuwo, 'yan uwanmu Hausawa na Shara Mansur suna sayarwa.

Abu ɗaya dai: ka guji lokacin da aka idar da salla, layi yakan yi tsawo ƙwarai.