Mu a Tahoua ɗan ci-rani ne asusunmu

Na karanta labarin nan na yadda Amurka ta tsawaita kuɗin tallafin waɗanda suka rasa aiki har zuwa mako 99 lokacin karayar tattalin arzikin da ta faro a ƙarshen 2007, sannan a Disamba 2010 Obama ya sa hannu aka ƙara wa'adin tare da sassaucin haraji. Wallahi abin ya taɓa ni.

Mu nan Nijar, wanda aka sallama daga aiki gida kawai yake komawa. CNSS, wato asusun tallafin ma'aikata na ƙasa, tana biyan fansho da kuɗin iyali da na haɗarin aiki, amma ba ta da kason rashin aiki, kuma yawancinmu ma ba mu da lamba a can. Abin da ke riƙe gidaje a Adar, yankinmu na Tahoua, shi ne ɗan abin da yaro ya aiko daga Abijan ko Libiya. In can ta ƙi, tukunya ta kwana a kife.

Shi ya sa ni batun harajin ya fi damuna. Bayan takunkumin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar a 2023, da aka rufe iyakar Benin, kaya suka yi tsada, ciniki ya mutu. Ƙanena tela ne, ya sallami yara biyu, amma patanti, wato harajin sana'a, da kuɗin rumfa ba su jira shi ba. Don Allah mahukunta, a shekarar ƙunci a ɗaga wa ƙananan masu sana'a ƙafa, ko da wata shida ne, su samu su riƙe yaransu.