Wai ba ni da "vision"

Aikin kula da tsofaffi nake yi a wani gida da ke gefen birnin Leeds. A nan Ingila duk shekara akwai zaman da ake yi tsakanin ma'aikaci da shugabansa: a rufe ƙofa, a ajiye maka shayi da biskit biyu a faranti, a miƙo maka fom. Shugabar sashenmu ta haifi kamata, amma ta hana ni kiranta da komai sai sunanta na yanka. Tun daga farko har ƙarshe murmushi take yi, irin nasu wanda ba ka gane yabo ne ko sallama. A shafin ƙarshe akwai wani faffaɗan gurbi, wai in rubuta inda nake hango kaina nan da shekara 5. Na rubuta layi ɗaya: in ci gaba da riƙe aikina da amana, in Allah ya kai mu. Ta karanta, ta zare gilashi, ta ce ai wannan fata ne kawai. Da rahoton ya fito, ga yabo nan iri-iri, ba na makara, tsofaffi suna so na, sai a ƙasa aka ce ba ni da vision, wato hangen nesa.

Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Kalmar nan ba inda ba ta a garin nan. In ka shiga shagon gwajin ido, za a zaunar da kai a kujera mai tashi da sauka, a rage fitila, a ce ka karanta haruffan da ke ta ƙanƙancewa har su koma ɗigo. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Herman Snellen, shi ya fito da allon a 1862. Mai lafiyar ido a ce masa 6/6, wato daga mita 6 yana ganin abin da ya kamata a gani daga nan, Amurkawa kuma su ce 20/20 don su da ƙafa suke awo. Ko lasin tuƙi ba ka samu sai ka karanta lambar mota daga mita 20. Wannan vision ɗin ba ni da ja a kansa, ana auna shi, in ka faɗi ka faɗi.

Ɗayan ne ke ba ni ciwon kai, wato kalaman burin ma'aikata da ake ratayewa a bango. Makarantar firamare tana da nata a bakin get, asibiti yana da nasa, har kamfanin da ke wanke mana zannuwan gado ya manna nasa a jikin mota. Namu yana cikin gilashi daidai ƙofar shiga, da hoton hannun wata tsohuwa cikin hannun budurwa, rana tana faɗuwa a bayansu. Kalamai ne masu daɗi kan mutunci da kulawa. Da ƙarfe ukun dare kuwa, ƙararrawa tana kuka daga ɗakuna biyu lokaci guda, abokin aikinka yana bene na sama, ba wanda ke tuna da allon nan.

Ba zan ci haƙƙin Turawan nan ba, kakanninsu sun yi aikin da za a sara musu. A 1858 kogin Thames ya yi ɗoyin da ya hana 'yan majalisa sakat, sai aka ba injiniya Joseph Bazalgette aikin gina magudanan ƙarƙashin Landan, kuma har yau ana mora. Mu ma dai ba mu da bakin dariya sosai. Abacha ya kafa kwamitin Vision 2010 a 1996 ƙarƙashin Ernest Shonekan, sannan aka zo da Vision 20:2020, wai Najeriya za ta shiga sahun ƙasashe 20 mafi ƙarfin tattalin arziki. Kowa ya san inda aka kwana. Amma ku lura, wannan kayan aro ne, daga waje muka kwaso salon har da sunan.

Su ɗin fa? A 2012 gwamnati ta amince da jirgin ƙasa mai gudun tsiya da suke kira HS2, daga Landan zuwa Birmingham, ya rabu biyu zuwa Manchester da nan Leeds. An sha jawabai, an buga taswirori masu launi. A Nuwamban 2021 aka soke reshen Leeds. A Oktoban 2023 firaministan lokacin, Rishi Sunak, ya tsaya a cikin garin Manchester ɗin kanta ya soke nasu. Tun kafin nan, a 2005, an binne shirin taragon cikin gari na Leeds, shi ya sa har yanzu bas muke jira cikin ruwan sama. Ban ji an rubuta wa kowa a fayil cewa ba shi da vision ba.

A gida ba a yin haka, kun fi ni sani. Audu Baƙo ya gina madatsar Tiga aka gama a 1974, ga shinkafar Kura da tumatirin Kadawa nan suna shaida. Ku bar ma ta gwamna. Tun ƙanwata ba ta daina yawo ba ɗankwali Inna ta fara tara mata kayan ɗaki. In ta kwashi adashe ta sayi kwalla ɗaya, wata shekarar saitin langa, ta naɗe da tsohon zani ta tura can ƙarƙashin gado. Mu da ke gidan ba mu san yawansu ba sai ranar jere, da aka yi ta fito da kaya har maƙwabta suna salati. Ba a fafe gora ranar tafiya, ta san wannan sarai. Amma da za ka zaunar da ita ka ce, "Inna, faɗa mini shirinki na shekara goma," kallon mai taɓin hankali za ta yi maka, ta ce Allah ya raba mu da bakin mutane.

Haka aka rene mu. Ba ka shelar abin da bai zo hannu ba, kuma a Suratul Kahfi aya ta 23 da 24 an hana mu cewa za mu yi abu gobe ba tare da in sha Allahu ba. Su kuwa tun yaro yana firamare ake koya masa tallar kansa, ya miƙe gaban aji ya faɗi abin da zai zama. Wanda ya iya tsara zance shi ne mai hangen nesa, mai kunya kuma a ce ba shi da buri.

Kuma wa ake tambaya shirin shekara 5 ɗin? Mutumin da bizarsa ke ɗaure da sunan kamfani ɗaya. In hukuma ta ƙwace musu lasin ɗaukar baƙi, kwana 60 ake ba ka, ka samo wani mai tsaya maka ko ka tattara. Daga 11 ga Maris 2024 masu shigowa wannan aiki ba su da ikon taho da iyali. Akwai wani ɗan Zariya da muke haɗuwa a masallacin Juma'a, ta waya yake kallon ɗansa yana koyon tafiya. A Mayun 2025 gwamnati ta fito da takardar cewa za a mayar da wa'adin samun zaman dindindin daga shekara 5 zuwa 10, a Yuli kuma aka rufe ƙofar ɗauko sababbin ma'aikatan kula daga waje. Wanda ya ƙirga ya kusa gamawa sai ya wayi gari bai san a wane layi yake ba. To ya hango me? Su ke riƙe da kalandar, su ke canja ta duk sanda zaɓe ya matso.

Shiri kam ina da shi, kuma ya wuce na shekara 5. Ƙanena a Kano ya sani, don shi ke karɓar kuɗin duk ƙarshen wata yana yi mini ƙorafin farashin siminti. Birkila ma ya sani. Gini ya kai linta, kuɗin kwano nake haɗawa da aikin dare da na ranakun hutu. Unguwar kuwa, ku ma ba zan faɗa muku ba.