Sirinji ne ya kashe karen nan, ku bar likita ya huta

Tun jiya ake ta zagin likitan dabbobi kan tsohon karen gadin nan mai ciwon suga da ya mutu a gonar bayan Jidda. Kowa ya zama masanin ciwon suga a dare ɗaya, masha Allah. To ku ji: sirinji ne ya kashe shi.

Caninsulin, wato insulin (allurar ciwon suga) da ake rubuta wa karnuka, yana da yunit 40 a kowane mililita, sirinjinsa ma U-40 ne, wato an zana lambobinsa daidai da yunit 40 ɗin. Insulin ɗin mutane da ake samu a saidaliyya (kantin magani) yunit 100 ne, sirinjinsa U-100. Kwalba ta ƙare, aka sayo na mutane, aka zuƙa da tsohon sirinji har lamba 10. Abin da ya shiga jikin kare yunit 25 ne, ninki biyu da rabi. Suga ya faɗi warwas, ƙafafu suka fara tangaɗi, jiki ya ɗau rawa, sai suma. Da akasin haka aka yi, wato Caninsulin a sirinjin U-100, yunit 4 kacal zai samu, ya yi ta shan ruwa yana fitsari yana ramewa, ku ce magani jabu ne. Lambar kwalba da lambar sirinji dole su zo ɗaya.

Wani ya ce a ba shi ƙwayar ciwon suga ta Hajiya, metformin, kawai. Sannu da hikima. Kare mai ciwon suga jikinsa ya daina samar da insulin, ƙwayar mutane ba ta riƙe shi. Allura ce a ƙarƙashin fata sau biyu, awa 12 tsakani, bayan ya ci abinci iri ɗaya, awo ɗaya. Likita kan fara daga rubu'i zuwa rabin yunit a kowane kilo, shi ne kuma mai ƙarawa, ba kai ba. Ranar da ya ƙi ci, kar ka yi masa cikakkiyar allura, kira likita. In ka ga yana layi, shafa masa zuma a dasashi ka nufi asibiti, kar ka ɗura masa komai yana sume. Kuma kafin kowace allura, duba lambar sirinji.

Masu cewa "kare ne fa", na ji ku. Hadisin mutumin da ya shayar da kare da huffinsa aka gafarta masa yana cikin Bukhari. Dabba ta yi maka gadi shekara goma, yanar ido ta fara rufe mata gani, karanta lamba biyu bai kamata ya gagare ka ba, wallahi.

Af, masu barin kwalbar insulin a mota su shiga masallaci kuwa: wurinta firij, digiri 2 zuwa 8, ban da wajen ƙanƙara. Ragowar kabsa ta walima da kuke juye wa kare ranar Juma'a ma, shinkafa da maiƙon nan su ke hargitsa awon sati guda.