Kwanton Ɓauna a Riba

Ƙarfe goma na dare a teburin mai shayi. Bakano ya riƙe waya da hannu biyu, shayinsa ya huce tun tuni, Bazazzagi na leƙe ta kafaɗarsa.

Bakano: Kai kar ka yi min numfashi a kunne, na kama mutumina, wani ɗan Barazil ne tun ɗazu yake bina.

Bazazzagi: Wai wot kake yi da turawa?

Bakano: Wot ɗin me, foka ce. Kati biyu a hannunka biyar a tebur, uku su fara sauka sai na huɗu, na ƙarshen shi ake ce ma riba. Ga shi ribar ta kawo min kati na biyar mai alamar zuciya kuma A ɗin, babban katinsu, na hannuna, wallahi na gama da shi.

Bazazzagi: To zuba kuɗi mana.

Bakano: Ka ji Bazazzagi. Cek zan yi, wato in ƙi zubawa, in yi likimo kamar ba ni da komai, in ya zuba in ninka masa sau uku, shi ne cek-rez, kwanton ɓauna ke nan.

(Ya danna cek. Ɗan Barazil ma ya danna cek. Aka buɗe kati.)

Bakano: Innalillahi! Sarki biyu gare shi fa, ya ƙi zubawa!

Bazazzagi: Ɓauna ta bi wata hanya.

Mai shayi: Alhaji ai tun sati uku nake kallon wannan abin ta bayanka. Teburin santi 1 da santi 2 kake, ƙwandalolin dala, mutanen nan ba su da zuciyar zubawa sai dai bi, in ka zuba su bi ka har da tarkace, in ka yi shiru su ma su yi shiru a tashi. Da ka sa rabin kuɗin da aka tara a tebur da sarakunan nan sun biya ka.

Bakano: To yaushe ake kwanton ɓaunar, farfesan madara?

Mai shayi: Sai ka samu mai zafin hannu, wanda shi ya zuba a zagayen farko ya zuba a na biyu, ka san ko an mutu sai ya ƙara a riba, kuma katinsa mai kyau ne wanda ba zai iya yarwa ba amma bai kai naka ba. In ɗaya ya ɓace a ciki, zuba abinka kawai.

Bakano: Na gane. Ga wani nan mai zafin hannu, ya zuba, bari in ɗaga masa.

Bazazzagi: Me ke hannunka?

Bakano: Babu komai, burga ce.

(Ko daƙiƙa biyu ba a yi ba mutumin ya bi shi da bakwai guda biyu.)

Mai shayi: Alhaji wa ke jin tsoron burgar santi 40? Ko kuɗin ƙwai biyu bai kai ba.

Bakano: Ku ƙyale ni, Kiris Manimeka ma daga intanet ya fara, 2003 ya ci dala miliyan 2.5 a Las Begas.

Bazazzagi: Shi ma da bashin shayi a kansa ya tafi?

Bakano: Tsaya tsaya, yanzu ni aka yi wa, na zuba ya ninka min, kuma wannan tun da ya zauna bai taɓa ɗagawa ba. Burga ce.

Mai shayi: Yar da katin. Mutumin da ya yi awa guda shiru ba ya farkawa a riba sai da kaya.

Bakano: Na riga na danna.

(Dala 2 ɗin ta tafi gaba ɗaya. Sai ga Malam da carbi.)

Malam: Salamu alaikum. Tun daga bakin masallaci nake jin riba riba, waye ke cin riba a unguwar nan?

Bazazzagi: Allah gafarta Malam, ba cin ta yake ba, ita ke cinsa.

Malam: To caca ce ke nan, ita ma haramun ce.

Bakano: Malam ai na tuba, dama data ta ƙare.

Mai shayi: Kafin tubar ta yi nisa, shayi 9 da biredi 4.

Bakano: Cek.