Masu Raina Tallafin Ɗaliban Malanta, Wa Zai Koyar da 'Ya'yanku a Agege?

Tun da wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai 'yan Arewa mazauna Legas ta sanar da cewa tallafin karatunta na bana zai tafi ne ga matasan da ke karatun malanta, surutu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A ƙofar masallaci, a majalisa, a wajen ɗaurin aure, sai ka ji wani babba yana cewa, "Haba Alhaji, kuɗin da za a fitar da likita ko injiniya shi za a ƙona a kan karatun malanta na NCE?" Har akwai masu barazanar janye gudummawarsu ta wata-wata. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne, masu wannan magana ba jahilai ba ne. Mutane ne da malaman firamare suka riƙe musu hannu suka koya musu rubuta sunansu, yau suna zaune a ofisoshi a Ikeja da Victoria Island suna kallon malanta a matsayin aikin wanda ya rasa abin yi.

Su waiwayi tarihin da suke alfahari da shi. Kwalejin Katsina da aka kafa a farkon shekarun 1920, wadda daga baya ta zama Barewa, makarantar horar da malamai ce. Sardauna Ahmadu Bello ya fito daga cikinta ya koyar a Midil ta Sakkwato. Abubakar Tafawa Balewa ya koyar a Midil ta Bauchi. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru, shi ne kuma ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Shehu Shagari ya daɗe da alli a hannu kafin ya shiga siyasa. Waɗannan su ne hotunan da ake ratayewa a zauren taron ƙungiyoyinmu duk shekara. Ana rataye hoton, ana raina sana'ar mai hoton.

Amma ba tarihi ne ya sa na ɗauki alƙalami ba, halin da yaranmu ke ciki a nan Legas ne. Ka shiga lungunan Agege, ko Idi-Araba, ko Mile 12 da safe. Za ka tarar da ƙananan makarantu masu zaman kansu, Islamiyya haɗe da boko, wasu a ɗakuna biyu ko uku na gidan haya, an raba aji da aji da falankin katako. Iyayen yaran mahauta ne a mayankar Oko-Oba, 'yan gwari, 'yan canji, masu gadi, direbobin manyan motoci. Suna biyan kuɗin makaranta da guminsu. Wanda ke tsaye gaban allo kuwa, sau da yawa saurayi ne da ya gama sakandare bai samu gurbin jami'a ba, yana koyar da lissafi da Turanci da kimiyya duk shi kaɗai, yana jiran ranar da wata hanya za ta buɗe ya ajiye allin. Ba laifinsa ba ne, yana iya bakin ƙoƙarinsa. Ba wanda ya taɓa koya masa yadda ake tsara darasi, ko yadda ake gane yaron da ya haddace shafi amma bai iya karanta shi ba.

Yaron Bahaushe a Legas yana da wata matsala ta daban. A gida Hausa yake ji, a titi Yarabanci, a kasuwa Turancin buroka, a aji kuma ana buƙatar ya amsa da Turancin littafi. Tun 2018 dokar jihar ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantu, kuma wannan haƙƙin masu gari ne. Abin da yaron yake buƙata shi ne malamin da ya samu horo, wanda ya tashi a cikin wannan cakuɗar harsunan, wanda zai iya juyowa ya yi masa bayanin raba lamba da Hausa idan ya ga idonsa ya yi zuru-zuru. Irin wannan malami ba zai zo daga Kano ko Zariya ya zauna a ɗakin haya a Mushin saboda albashin makarantar unguwa ba. Dole daga cikin yaranmu na nan za a samar da shi. Kuma 'yan matanmu, waɗanda iyaye da yawa ba sa yarda su tafi karatu nesa, su ne suka fi dacewa da wannan hanya.

Wuraren karatun suna nan kusa da mu. Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Akoka. Akwai Jami'ar Ilimi ta Jihar Legas da aka samar a 2022 bayan haɗe kwalejin Adeniran Ogunsanya ta Oto-Ijanikin da kwalejin Michael Otedola ta Epe. Akwai tsangayar ilimi a Jami'ar Legas da kuma Jami'ar Jihar Legas (LASU) a Ojo. Abin da ke kayar da ɗalibi ba kuɗin rajista kaɗai ba ne. Kuɗin mota ne daga Agege zuwa hanyar Badagry, da kuma watannin gwajin koyarwa, wato TP, lokacin da za a tura shi wata makaranta ya riƙa zuwa kullum, ya sayi kwali da maka da littafin tsara darasi daga aljihunsa, ba tare da an biya shi ko sisi ba. A nan ne da yawa ke sarewa. Kuɗin da ba zai ishi ɗalibin likitanci shekara guda ba, zai iya fitar da ɗaliban malanta da dama daga wannan ramin.

Masu cewa wannan aikin gwamnati ne, sai su tuna cewa a watan Oktoba na 2021 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin alawus na naira 75,000 a kowane zango ga masu karatun digirin malanta da naira 50,000 ga 'yan NCE, sannan su tambayi ɗaliban da suka sani ko sun ga kuɗin a asusunsu. Naira 20,000 da NELFUND, asusun ba ɗalibai rancen karatu, ke bayarwa a wata kuwa bashi ne, kuma kowa ya san inda 20,000 take tsayawa a Legas. Masu cewa malamin zai gudu ya bar aikin idan ya samu mafi tsoka, ban ji sun hana ɗaliban likitanci tallafi ba duk da yadda likitoci ke tururuwar tafiya Ingila da Saudiyya.

Gaskiyar magana, wasu suna son tallafin da za a yi ado da shi ne. Suna so ranar liyafar shekara a kira sunan "likitanmu" a tafa, a ɗauki hoto, a raba lambar yabo. Malamar aji uku a Idi-Araba ba ta da wannan ƙyalli. Wannan rainin ne ya sa a 2024 aka tsayar da maki 140 a jarrabawar JAMB a matsayin mafi ƙarancin shiga jami'a, aka bar kwalejin ilimi a 100 cikin 400, kamar dai ana gaya wa yaro mai ƙwazo cewa wurin nan ba nasa ba ne. Mu da muke kukan taɓarɓarewar ilimi, bai kamata mu ƙara wa wannan raini ƙarfi da bakinmu ba.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyar da kada su ja da baya saboda hayaniyar 'yan tsiraru. Su riƙe ɗaliban har ƙarshen TP, su biya musu kuɗin jarrabawar hukumar rajistar malamai, wato TRCN, su kuma zauna da sarakunan Hausawa da masu makarantun unguwanni a kan yadda za a ɗauke su aiki da albashin da ba zai gaza mafi ƙarancin albashin jihar na naira 85,000 ba. Wanda ya ce zai janye gudummawarsa, a bar shi ya janye. A rage kuɗin zaure da na abincin liyafar bana, a cike gurbin.