Murmushi a risafshan, harara a kicin

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ku masu aikin otal da gidajen abinci da wuraren yawon buɗe ido a nan Bauchi. Kaina na fara yi wa nasihar nan kafin kowa, don abin da zan faɗa da bakina na aikata shi.

Na yi shekaru ina zaman risafshan a wani otal cikin garin nan, ba sai na kira suna ba. In baƙo ya shigo, Bature ne ko ɗan Sin ko Bayarabe daga Legas da zai kwana kafin ya wuce Yankari, wallahi haƙorana duk a waje, sannu da zuwa ranka ya daɗe, in karɓi jaka, in ya zo faɗin Alkaleri harshensa ya sarƙe in gyara masa cikin ladabi har in ce ai ya ma yi ƙoƙari. To akwai wani dattijo Basayi daga wajen Bogoro da ke wanki da guga a bayan otal ɗin, shi kuma in ya zo magana ya mai da mace namiji ya ce "matata ya zo" sai in kwashe da dariya, in kwaikwaye shi gaban yaran kicin, har na laƙa masa suna kuma sunan ya bi shi. Tuntuɓen harshe iri ɗaya ne fa. Wancan dala ce a aljihunsa, wannan kumfar sabulu ce a hannunsa, iyakar bambancin ke nan. Kuma dattijon nan yana jin Sayanci yana jin Hausa yana taɓa Turanci, ni da ke masa dariya ko ina kwana ban iya da yarensa ba.

Mukan yi tinƙaho da hadisin nan na Bukhari da Muslim, wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya girmama baƙonsa. Gaskiya ne, kuma gadon Annabi Ibrahim (AS) ne da ya kawo wa baƙinsa gasasshen ɗan maraƙi mai ƙiba alhali bai ma san su waye ba. Amma hadisin bai tsaya kan baƙo ba, a cikinsa aka ce kar ya cuci maƙwabcinsa, aka ce ya faɗi alheri ko ya yi shiru. Mutumin da kuke wuni tare tun safe har dare, janareto ɗaya, famfo ɗaya, albashi rana ɗaya, in bai shiga sahun maƙwabta ba to ina za ka sa shi? Girmama baƙon otal ai biyanka ake yi, akwai manaja a kanka, akwai ɗan na goro da kake hange. Na bayan kicin shi ne babu mai dubawa sai Allah.

A Suratur Rum aya ta 22 Allah ya lissafa saɓanin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyinsa, a jere da halittar sammai da ƙasa. Ni kuwa ayar Allah na ɗauka na mai da abin ban dariya a bakin kanta. A Hujurat aya ta 11 ya hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ya hana jifan juna da laƙabi, a ta 13 ya ce ya sanya mu dangogi da ƙabilu ne domin mu san juna. Jihar nan kaɗai ƙabilu sun haura 50, Gerawa, Jarawa, Sayawa, Fulani, Warjawa, Zulawa, Bolawa, Karekare, kuma ban san wurin da ke tara su ƙarƙashin rufi ɗaya kamar otal ba, ga kuku Inyamuri (kun ga har yanzu bakina bai gama gyaruwa ba, Ibo ya kamata in ce), ga weta Batangale daga Billiri, ga maigadi Babarbare. Dama ce ta sanin juna aka kawo mana har wurin aiki muke wasa da ita.

Bari in ƙarasa labarin dattijon. Duk Juma'a shi ke ajiye dutsen guga ya zo ya zauna min a kanta, ya ce ɗana je ka yi sallarka, in baƙo ya zo zan ce ya jira. Bai taɓa fashi ba. Da azumi in magariba ta kawo jiki haka zai leƙo ya ce je ka sha ruwa. Sai Disamba ta zo, lokacin ni ke rubuta jadawalin aiki, ya same ni ya ce yana roƙon ranar 25 ya je gida ya yi Kirsimeti da jikokinsa. Kun san yadda Disamba take, rani ya shigo, ciyawa ta bushe, dabbobi na gangarowa kogin Gaji, masu zuwa Yankari sun cika ko'ina. Na ce Baba ba dama, baƙi sun yi yawa. Ƙarya nake, da dama, sai dai in na ba shi to wani abokina ɗan unguwarmu ne zai rasa hutunsa. Ya ce to ba komai ɗana. Ranar Kirsimeti na wuce ta bayan otal na gan shi tsaye yana guge zannuwan gado, yana ɗan rera waƙar cocinsu ƙasa ƙasa.

Abu Zarr (RA), sahabi guda, ya taɓa zagin wani mutum ya goranta masa uwarsa, Manzon Allah (SAW) bai ce ai wasa ne ba, ce masa ya yi kai mutum ne da akwai jahiliyya a tare da kai. Ya ce waɗanda ke ƙarƙashinku 'yan uwanku ne, ku ciyar da su abin da kuke ci, ku tufatar da su abin da kuke sawa, kar ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kun ɗora ku taya su. Daga baya a Rabaza aka ga Abu Zarr da yaronsa sanye da tufafi iri ɗaya. Manajoji da shugabannin kicin ku ji wannan da kyau, ku da kuke ware wa 'yan garinku aikin inuwa ku tura bare wankin banɗaki, in baƙo ya bar ihsani a raba a ɓoye tsakanin masu yare ɗaya.

Wani zai ce ai ba addininmu ɗaya ba. To ranar hijira wa ya nuna hanya? Manzon Allah (SAW) da Abubakar (RA) hayar ɗan jagora suka yi daga ƙabilar Banu Dil, Abdullahi bn Uraiƙiɗ, yana kan addinin Ƙuraishawa, suka damƙa masa raƙumansu biyu, ya same su a kogon Saur bayan kwana 3 ya bi da su ta hanyar gaɓar teku. Ya san hanya kuma yana da amana, shi ke nan. Je ka Yankari yau, dajin da aka keɓe tun 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962, in kana son ganin giwa ba ka tambayar ɗan jagora masallaci yake zuwa ko coci, tambayarka ita ce ya san sawu. A ruwan Wikki ma da ɗuminsa ke nan wajen digiri 31 rani da damina, kowa tsunduma yake, kuma gwaggon biri in ya zo fizge leda bai duba hula.

Ban ce a daina wasa ba. Bafillatani da Babarbare in suka haɗu a kicin suna tsiya kowa na cewa shi ne ubangidan wani, wannan gadon kakanni ne kuma duka biyun dariya suke. Ka dubi fuskar wanda kake tsokana, in kai kaɗai ke dariya shi yaƙe yake don yana tsoron aikinsa, wannan ba wasa ba ne. Kuma kalmar arne da wasu ke jefawa kamar gaisuwa, da malo da aboki da ake mana in mun je aiki kudu, duk tafiyarsu ɗaya, wanda ya san zafin ɗaya bai kamata ya jefi wani da ɗayar ba.

Haka kuma ban ce ka sayar da addininka don a ce kana da zaman lafiya ba. In an sa ka ɗaukar tiren giya ka je wajen manaja cikin mutunci ka nemi a canza maka sashe, don mai ɗaukarta ma an ambace shi cikin waɗanda aka la'anta. Wannan daban, wulaƙanta mutum daban. Mumtahana aya ta 8 tana nan, Allah bai hana mu kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba.

Bayan na bar aikin na koma neman dattijon in roƙe shi gafara, aka ce ƙafa ta matsa masa ya ajiye aiki ya koma gida. Yaran kicin ɗin ma sai da na faɗi wancan laƙabin sannan suka gane wa nake nufi, sunansa na gaskiya babu wanda ya riƙe. Ina da niyyar shiga motar Bogoro kafin Disambar nan in Allah ya yarda, ku taya ni addu'a in same shi da rai.